Kwanson da Baba Ya Ƙi Yarwa

Val Trompia,
Talata, tsakiyar watan Yuni.

Zuwa ga ƙanena Fulvio,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri daga ni da duk mutanen gidan nan. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Noemi da yara, kuma sanyin da kuke shiga yanzu a can Ostareliya bai tayar maka da ciwon bayan nan naka ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a gida da wurin aiki, ya raya mana Elia da 'yar autarku Viola. Mu nan sai godiya. Maigidana Dario yana nan yana fama da aikin kamfanin kan famfo, kullum ya dawo da ƙorafin gwiwa, amma ka ce masa ya je asibiti sai ya zama kurma. Goggo Nives ta warware daga tarin da ya kwantar da ita, har ta koma rigima da maƙwabta a kan kajinsu da ke shigar mata lambu, ka ga kuwa lafiya ta samu. An fara yankan ciyawa a gangaren dutse, zafi kuma ya shigo da wuri bana.

Fulvio, maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu, ni da ka san rabona da biro tun katin Kirsimeti. Ranar da ka kira na ce maka ɗan rauni ne ya ji a filin harbi, yana zaune a gefena ne yana zare mini idon da ba a ɗaure ba, yana yi mini alama da hannu in gajarta. Tun daga nan duk kiran da ka yi shi ke fizge wayar. To ba ɗan rauni ba ne. Idonsa ne na dama, wanda yake saiti da shi, kuma ka san a wurin Baba wannan idon shi ne harbi, harbi kuwa shi ne abin da ya rage masa tun rasuwar Mama. Zan ba ka labarin daga tushe, ka yi haƙuri da tsawonsa, don ni ma sai da na jera shi a raina kafin na gane inda muka yi sakaci.

Kai tun kana nan ƙwallo ce kawai a gabanka, ba ka taɓa zama a ɗakin ƙasa ka ga abin da Baba ke yi ba, don haka bari in tuna maka. Tsohuwar bindigar Kaka Bortolo, wadda yake zuwa filin harbi da ita duk Lahadi in an tashi daga coci, babu kamfanin da ke yi mata harsashi yanzu. Shi yake haɗa abinsa da hannunsa. In an yi harbi, kwanson tagulla ne ke saura, sai ya tsince shi, ya wanke, ya gyara masa baki, ya sake ɗura masa albarushi ya ɗora sabon kai. Kwanso ɗaya yakan je ya dawo sau da dama kafin ya gaji. In ya gaji kuma ba a gani a fuska, daga ciki yake sirancewa, can kusa da gindi, irin wannan in aka ci gaba da matsa masa wata rana sai ya tsage a cikin bindiga. Shi ya sa kullum sai ana sauya tsofaffi da masu ƙwari. Masu ƙwarin kuwa a duro Baba ke samunsu, shuɗin duron nan da ke bakin ƙofar filin. Samari da maharban barewa masu sayen harsashin kanti, in sun gama sai su share nasu su zuba a ciki. Tsofaffin nan masu ɗuri su juye shi a kan tebur, su zauna suna tsinta kamar mata sun sa wake a gaba, kowa ya ɗauki irin wanda zai yi masa. Baba yana da wani iri da ya kusa girman nasa, shi yake datsewa ya sake masa siffa. Ba wanda ya taɓa biyan ko sisi, ba kuma wanda ya taɓa tunanin abin biya ne.

Suna da wata al'ada kuma da nake ganin ba ka sani ba. Duk watan Maris kafin a buɗe fili, kowa yakan miƙa wa abokinsa jakar kwansonsa. Ba wanda ke duba nasa, wai don mutum ba ya ganin laifin kwanson da ya sha wahala a kansa, kullum zai ce zai ƙara zuwa sau ɗaya. Abokin zai zura wata 'yar waya mai lanƙwasasshen kai, ya shafa cikin kowane ɗaya. In wayar ta sarƙe, shi ke nan, ya sa filaya ya murƙushe masa baki ya jefa a gwangwani, mai shi ba shi da ta cewa. Ƙarshen shekara a kai gwangwanin wurin ɗan gwangwan, abin da aka samu a gasa nama a tuƙa polenta, tuwon masarar nan namu, a ci. Abokin musayar Baba tun muna yara shi ne Celso, wanda suka yi aikin narka ƙarfe tare, mai sanƙon nan da yake ɗaga ka sama kana ihu.

To sai tagulla ta yi tsada. Ban san ko ku ma haka abin yake a can ba, amma nan kam abin ya wuce hankali. A kamfanin su Dario har ɓarɓashin da ke faɗuwa ƙarƙashin inji ake sharewa a auna, an sa mai gadi yana leƙa jakar abincin ma'aikata in za su fita, mutanen da wasunsu sun yi furfura a wurin. Tukunyar furen da muka sa a kabarin Mama, ta tagulla, wadda ka aiko da kuɗinta, an ɓalle ta tun kafin Kirsimeti tare da na layin gaba ɗaya. Ban faɗa maka ba don kada ranka ya ɓaci, na sa ta roba. Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya yi. Duron filin harbi ma sau biyu ana wayar gari an kwashe shi tas. Daga nan shugaban ƙungiyar masu harbi a filin, Ivano, ya sa aka yi masa murfi mai ɗan rami aka buga kwaɗo, ya ce daga yanzu za a riƙa sayarwa a gyara rufin da ke yoyo. Gaskiya ban ga laifinsa sosai ba, rufin yana yoyo. Amma da ka ji Baba ranar! Wai Ivanon da ya koya wa riƙon bindiga yana majina a hanci, yau shi ne zai rataya mabuɗi a wuya yana yawo kamar mai tsaron banki. Samarin ma da suka ji abin ya zama kuɗi, kowa ya koma shimfiɗa tsumma a ƙasa yana tattara nasa, har ana harara in naka ya gangara wajen wani.

Haka aka shiga hunturu Baba bai samu ko ɗaya mai ƙwari ba. Ya je wani kanti ya tambaya, aka ce sai an yi oda daga waje, a jira watanni, kuɗin kuma ya ninka. Ya dawo yana ta sababi a wurin cin abinci, wai shi Tarcisio ba zai sayi kwanso a farashin naman maraƙi ba, a shekarunsa bai taɓa sayen kwanso ba, ba kuma zai fara don wasu ɓarayi masu ɗaura laktayi sun zauna a Landan sun ƙara wa ƙarfe kuɗi ba. Na ce masa to ya ci abincinsa kafin ya huce. Abin da na ce ke nan, Fulvio.

A kicin ɗina suka yi musayar bana, don ɗakin ƙasa ya yi sanyi. Na dafa musu kofi ina gefe ina fere dankali. Baba ya duba na Celso ya murƙushe 'yan kaɗan, suka yi dariya. Da aka zo kan na Baba, sai na riƙa jin ƙas, ƙas, ƙas, filaya ba ta hutawa. Na ɗaga kai na ga kunnuwan Baba sun yi ja. Ya tambayi Celso wai wayar ce ke sarƙewa ko hannunsa ne ke rawa don tsufa. Celso ya yi dariya ya ce, "Haba Tarcisio, waɗannan ai sun girmi jikokinka, ka bar bayin Allah su huta." Ya ƙara murƙushe biyu. Nan fa Baba ya daki tebur har kofi ya fantsama, ya ce ya gane, tunda tagulla ta zama zinariya kowa so yake gwangwani ya cika, ko shi ma Ivano ya yi masa alkawarin kaso ne? Celso ya ajiye filaya a hankali, ya kalle shi, ya ce tun kansa da gashi yake tsare masa fuska, in yau ya zama ɓarawo to ga kayansa nan. Ya ɗauki hularsa ya fita, ko kofin bai ƙarasa ba. Baba ya tattare ragowar da ba a duba ba, sun fi rabi, ya zuba a jaka ya sauka ƙasa da su.

Ka san me na yi? Dariya na yi. Da Dario ya dawo har kwaikwayonsu na yi masa, na ce kafin Lahadi za ka gan su tare suna zagin Ivano. Ni faɗan na gani, ban ga jakar ba. Kuma duk mun san yatsun Baba sun daɗe da mutuwa saboda aikin wuta, maɓallin riga ma ni ke sa masa in za shi coci, to ina zai ji waya ta sarƙe a cikin kwanso? Da kansa ya zauna ya duba abinsa, ya ce mini duk lafiyarsu lau, Celso ne ke neman tsiya. Duk lokacin da na tuna na amsa masa da "to madalla", sai in ji kamar in mari kaina.

Ba su shirya ba. Aka buɗe fili, Baba ya ɗauke kayansa ya koma can ƙarshen layi, ba ya ko gaisa da kowa. Wata Lahadi cikin Afrilu abin ya faru. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar ma daban ta fita. Kwanson ya rabe biyu, wuta da ɓarɓashin tagulla suka yo baya suka same shi a fuska. Tabaraun kariya kuwa yana goshinsa, don ya saba tura shi sama in zai yi saiti, wai yana sa masa hazo. Celso ne ya fara isa kansa, da tsufansa da gurguwar ƙafarsa, ya naɗe masa fuska da tawul ya sa shi a mota sai asibiti a Brescia. Har suka isa Baba bai ce masa uffan ba. Celso ya tsaya a baranda har na zo, rigarsa duk jini, ya miƙo mini hular Baba da mabuɗin gida, ya ce in yana bukatar wani abu na san inda yake. Ya tafi. Shi a zatonsa har yanzu fushi ake yi da shi. Ni kuwa da na san ubanmu, na san kunya ce ta ɗaure masa baki.

An yi masa aiki an ciro abin da za a iya cirowa. Likitan ya ce mini sai jinin da ya taru ya washe kafin a san abin da ya saura. Bayan an sallame shi, duk ranar komawa ni ke kai shi, amma a bakin ƙofa yake tsayar da ni, wai shi ba yaron goye ba ne da za a shiga da shi a riƙe. In ya fito sai ya ce an ce ana samun ci gaba. Da aka cire bandeji idon ya yi kyau a gani, ɗan ja ne kawai. Yau ya ce ya fara ganin hasken taga, gobe ya rufe na hagu da tafin hannu ya ce ga ni nan yana ganina, har ya lura na ƙara ƙiba. Na ce masa idon da zai fara da zagi ai gara ya koma barci, muka yi dariya. Ya ce kafin Satumba zai koma fili ya nuna wa yaran nan yadda ake harbi. Na yarda, don ina so in yarda. Ya zuba ruwan inabi a gefen kofi, ya ce tebur ne ya karkace. Ya buge kafaɗa a ƙofa, ya ce Dario ne ya bar ta a buɗe. Don murna har na sa Dario ya yi odar sabon kwanson nan daga waje, ya iso makon jiya a cikin ɗan kwali. Fulvio, kuɗinsa bai kai na takalman da na saya wa kaina na Ista ba. Da a watan Janairu na yi wannan, da yanzu ba wannan takardar nake rubuta maka ba.

Lahadin da ta wuce ta sama, bayan an tashi daga coci, na bar shi a gindin matakala na tsallaka wajen mai burodi. Ina cikin layi na hango Celso ta gilashi. Ya zo a hankali ya tsaya a gefen Baba na dama, dab da shi, kafaɗa ta kusa taɓa kafaɗa, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Bai yi magana ba, yana jira Baba ya juyo. Na ji daɗi har raina, na ce yau dai za a gama wannan shirmen. Baba yana tsaye yana kallon gaba, har yana ɗaga wa wasu mata hannu. Celso ya jira, ya jira, mutane suna wucewa suna kallonsu. Daga ƙarshe ya mayar da hularsa ya juya ya gangara, yana jan ƙafa. Na bar burodin na fito a fusace, na ce wa Baba wannan wace irin taurin zuciya ce, mutumin da ya ɗauke ka cikin jini ya zo har gabanka da hula a hannu, ko kallo bai ishe ka ba? Sai ya ce, "Wa? Celso? Ina yake?" Ya juya da jikinsa gaba ɗaya yana nema. A nan na gane idon daman nan ba ya ganin komai.

A mota ya faɗa mini, yana kallon hannuwansa. Tun ranar da abin ya faru babu komai a wannan ɓangaren, ko haske. Likita ya gaya masa tun zuwa na biyu cewa ba zai dawo ba. Na tambaye shi don me ya bar ni ina ta murna kamar wawiya, ya ce ai shi ma da murnar tawa yake samun barci. Na tsayar da mota a gefen hanya na yi kuka mai isata, shi kuma yana ta cewa in tuƙa mana, mutane na kallo. Da muka kusa gida ya ce, a hankali, in je in gaya wa sanƙon nan ba wulaƙanci ba ne, in zai sake zuwa ya biyo ta hagu.

Na je da yamma na sami Celso a lambu yana ɗaure tumatir. Da na gaya masa, sai ya zauna a kan bokiti, ya ce da ya sani da ya ƙarasa dubawar nan ko da Baba zai mare shi, zagi ai ba ya huda ido. Na ce masa ba shi kaɗai ke da "da na sani" ba, kowa a gidanmu yana da tasa. Yanzu yana zuwa kusan kullum, shi da Baba su zauna a ƙarƙashin rumfar inabi suna gardamar ƙwallo da tsadar cuku. Ban ji ɗayansu ya ambaci kwanso ba. Lasisin bindigar Baba zai ƙare a kaka, ya ce ba zai je gwajin ido a yi masa dariya ba. Shekaranjiya Lahadi, da aka fara harbi a fili, ka san iska takan kawo ƙarar har tsakar gidanmu. Yana cikin shan miya ya ajiye cokali, ya tashi ya rufe taga, ya dawo ya zauna. A wannan zafin muka ƙarasa cin abinci, ba wanda ya ce a buɗe.

Bai san na rubuto maka ba, kuma in ka kira kada ka tambaye shi idon, zai yi maka ƙarya ne kawai ya wahalar da kansa. Ka tambaye shi tumatir, ka bar shi ya zagi gwamnati. In da hali kada ka ɗage zuwan nan na Agusta kamar bara, ina roƙonka.

Dario yana gaishe ka ƙwarai. Goggo Nives ta ce a gaya wa Noemi har yanzu tana jiran hotunan da aka yi mata alkawari, ba na waya ba, na takarda. Celso da matarsa Teresina suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Noemi da mahaifiyarta, ka sumbaci Elia da Viola, ka ce musu ni Goggonsu na ajiye musu zuma. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Kuma ka koya wa yaran tun yanzu: in sun sauka daga mota za su ruga wajen kakansu, su zagayo ta hagu, su kira shi tun daga nesa.

Taka har kullum,
Yayarka Ornella.